Ƙauyen da Ba a Shiga da Zafi

Tun da na dawo daga ƙasar Birnin Gwari ban sami sakat ba. In na zauna a dakalin ƙofar gida, wannan ya ce, "Malam Tanimu, ina zinariyar?" wancan ya ce wai da gaske ne giwaye suna tare hanya. Har surukina ya aiko a tambaye ni ko na zo da tsarabar zuma. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntunsa ya je kasuwa ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya in huta. Zinariya dai ban gani ba, giwa kuwa kashinta kawai na taka. Abin da na gani daban ne, kuma ba labarin dariya ba ne, ko da yake za ku yi dariya a wasu wuraren.

Ga wanda bai san ni ba, aikina lamba ne. Ni ne mutumin nan da in ya shigo unguwa yara ke watsewa, iyaye mata su tura su ƙarƙashin gado. Ina ɗan tsaga damtse in shafa maganin rigakafin agana, shi ke nan, amma sai ka ce yanka nake yi. A tsakiyar bazarar bana labari ya iso Zariya cewa agana ta ɓulla a tungayen da ke cikin daji bayan Damari, sai likitanmu, wani Bature dogo wanda zafi ke mayar da fuskarsa ja kamar gauta, ya kira ni ya ce ni zan tafi.

Sai na yi muku bayanin maganin, don kan shi duk labarin yake. Yana zuwa daga Ikko a jirgin ƙasa cikin ƙanƙara, a 'yan kwalabe sirara, shi kuwa daskararre ne kamar man shanu. Likita ya ce abu ne mai rai, kuma zafi ke kashe shi, ba farat ɗaya ba, a hankali. Abin haushin shi ne mataccen da rayayyen kamarsu ɗaya. Ba ka sanin wanne ka shafa sai bayan 'yan kwanaki: in wurin ya kumbura ya yi zafi ya tara ruwa, magani ya kama, mutum ya tsira daga agana. In kuwa ya bushe ya warke sumul, ka ji wa bawan Allah ciwo ne a banza.

Daga Zariya babu sauran ƙanƙara. Dabarar da ake yi ita ce a naɗe kwalaben a tsumma, a sa a gwangwani, a binne gwangwanin cikin jiƙaƙƙen yashi a sabon tulu, a naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu. Likita ya ce ruwa in zai bushe sai ya kwashi zafin abin da yake kai ya tafi da shi, shi ya sa ruwan randa ya fi na kwano sanyi. Shekara da shekaru ina shan ruwan randa ban taɓa tambaya ba. Ya ba ni ma'aunin zafi guda biyu, ƙarami na sa wa mara lafiya a hamata, da dogo na sokawa cikin yashin tulu. A jikin dogon ya ɗaura jan zare, ya ce in zaibar da ke cikinsa ta hau ta wuce zaren nan, to maganin ya fara mutuwa.

Muka tashi a motar kaya zuwa Giwa. Direba ya so ya karrama ni, ya ce in kawo tuluna gaba kusa da inji kada ya fashe. Na ce na gode, na hau baya na rungume abina cikin buhunan gishiri. Kafin mu yi nisa mutum nawa suka miƙo hannu a ba su ruwa, in na ce ba ruwa ba ne yashi ne, sai su dube ni su dubi juna. Wata mata ta ce wa ta kusa da ita, a hankali amma don in ji, ai karatun boko haka yake yi wa wasu. Wani tsoho fatken goro ne kaɗai ya gane. Ya leƙa ya shafa buhun ya ce, "Kayanka irin nawa ne, yaro, ba ya son rana ba ya son iskar zafi." Daga nan ya riƙa kare mini rana da malafarsa har muka sauka.

A Giwa aka haɗa ni da mai ɗaukar kaya, Jatau, Bagwari ne dattijo mara yawan magana wanda ya san dajin. Na naɗa masa gammo, ya dube shi ya ajiye. Su ba sa ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa, wai kai ya isa da nauyin tunani. Na ce to zafin wuyanka fa, zai ratsa tulun. Ya ce shi bai taɓa jin an ce wuyan mutum ya dafa wani abu ba. Muka daidaita a kan zai shimfiɗa ɗanyen ganye tsakaninsa da tulun, ni kuma in bi bayansa da gora ina yayyafi, kamar mai raka amarya.

Tafiyar haka take: mu tashi da asuba, in hantsi ya dubi ludayi mu nemi inuwa mu kwanta, sai la'asar sakaliya mu ci gaba. Ruwan da muka samu, tulu ke fara sha kafin mu. Na saba da zafin Zariya, inda ko ba komai akwai soro da inuwar ganuwa, amma zafin can ba shi da wurin ɓuya. Da azahar ƙarfen fitilata ba ya taɓuwa, alhali sandata da ke gefensa lafiya lau. Ni dai idona na kan zaiba, in ta matso kusa da jan zare sai in ƙara yayyafi.

A Damari aka sauke mu a zauren mai gari, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, mutane suka cika zauren suna kallon tulu. Da na ambaci sunan ciwon da na zo dominsa, sai zauren ya yi tsit, wani ya tashi ya fita. Mai gari ya matso ya ce mini daga nan zuwa gaba kada in sake faɗin sunan nan. Baƙo ake cewa. Ya ce Baƙo ya sauka a Rafin Kanya, wata tunga a cikin daji, kuma mutanenta suna da tasu hanyar zama da shi, in na je in bi abin da suka ce. Na ce a raina, mu a birni muna kiran ciwo da sunansa mu kuma yi addu'a, amma na yi shiru, don tuwon mutane nake ci.

Bayan Damari dajin ya canza. Itatuwa sun zubar da ganye, ƙasa baƙa ƙirin saboda gobarar daji, ba kukan tsuntsu, ba motsin iska, sai ƙarar takunmu. Muka wuce ramukan da masu haƙar zinariya suka bari, bakinsu a buɗe ba murfi. Da na tsaya a gefen ɗaya sai na ji sanyi yana fitowa yana bugun ƙafafuna. Na yi murna, na ce mu zura tulun da igiya ya huta. Jatau ya riƙe mini igiyar amma ya juya baya, ya ce ba duk wanda ya shiga ramukan nan ne ya fito ba, kuma ba a binne su a wani wuri ba. Da muka jawo tulun, zaiba ta sauka ƙasa sosai fiye da yadda na taɓa gani a tafiyar. Ban sake cewa mu tsaya a wani ramin ba.

Washegari ruwanmu ya ƙare, buhu ya fara bushewa. Wajen hantsi muka faɗa wata 'yar tunga, gidaje kaɗan, an toshe kowace ƙofa da ƙaya. Muka yi sallama har muka gaji, sai muka janye ƙayar wani gida muka shiga. Ga tukwane a kan murhu, ga taɓarya a jingine, ga takalmin yaro ɗaya a tsakar gida, amma ko kaza babu. Na sa hannu a tokar wani murhu, ta daɗe da hucewa. Sai ga wata randa a gindin rumbu, an rufe ta da sabon faifai. Na buɗe, cike take fal da ruwa mai sanyi, tas, kamar yanzu aka zuba. Na ja da baya. Jatau ya ce shi ba zai sha ba ko zai mutu, mu tafi. Ni ma ban sha ba, amma na jiƙa buhu da yashi sharkaf, na cika gora, muka fita muna waiwaye.

Da la'asar muka iso iyakar Rafin Kanya. Na ƙetare iyakoki a aikin nan, inda dogari zai tsare ka ya tambayi takarda, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. An gicciya ƙaya a hanya, a gindin wata tsamiya kuma wata tsohuwa na zaune, fuskarta duk tabon agana, ido ɗaya ya tafi. Gwaggo Kande ake ce mata. Ta yi ciwon tun tana yarinya ta tashi, saboda haka ita kaɗai ce ba ta tsoronsa. Ta nuna mana inuwa da hannu, ta ce mu zauna sai gumi ya bushe. Da muka huce ta zo ta ɗora bayan hannunta a goshina, ta daɗe, sannan ta yi wa Jatau haka.

Cikin raɗa ta karanta mana dokar gari. Baƙo zafi yake bi, saboda haka ba a shiga da zafi. Ba a hura wuta a cikin gari, ba a suya, ba a daka, ba a ɗaga murya, ba a fushi. Tuwo a can cikin busasshen rafi ake tuƙa shi, nesa, a bar shi ya huce sarai, sai ta taɓa ta yarda a shigo da shi. Ba a kuka, ba a kuma faɗin rasuwa sai Baƙo ya tashi. Ta shafa buhun tuluna ta ji shi da sanyi, ta gyaɗa kai, ta tambayi inda muka sami ruwa a hanyar nan. Na faɗa mata. Ta janye hannunta.

"Ruwan Baƙo kuka ɗiba," in ji ta. "Ni ke zuba masa, don ya sha ya zauna can."

Ta janye ƙaya muka shiga.

Ku da kuka san garin Hausa da yamma, da hayaƙi da lugude da kukan yara da ƙanshin daddawa, ku cire duk wannan ku bar mutane. Suna nan, suna tafiya a hankali, suna gaisuwa da ido. An yayyafa ruwa a kowace hanya. Wata mata ta toshe bakin jaririnta da nono tun kafin ya buɗe shi. Aka kawo mana tuwo mai sanyi kamar an tono shi daga ƙasa, da garin ɗorawa jiƙaƙƙe. Na ci don yunwa kawai.

Mai'unguwa Bawa shi ya sauke ni. Babban mutum ne mai faɗin ƙirji, ya ba hamsin baya, manomi kuma maharbi, irin mutanen da ka san muryarsu ta saba cika fili, ga shi yana magana kamar mara lafiya. Waɗanda Baƙo ya taɓa, an yi musu bukkoki a ƙetaren rafi, Gwaggo Kande ce kaɗai ke hayewa ta kai musu abinci. A cikinsu akwai matarsa Tasalla, wadda suke tare tun yana saurayi. Da rana ta kusa faɗuwa ya ce in zo in raka shi. Muka tsaya a bakin gaɓa, muna hangen bukkokin a tsallake, ba motsi. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, a hankali, ana buga ƙwarya da tsinke. Mutumin nan ya sauke numfashi, ya share fuska da hannun riga.

Ya ce alamar da suka yi ke nan, don ya san ta wuni. Na ce ai Gwaggo tana zuwa, me zai hana ya tambaye ta. Ya ce Gwaggo kowa aka tambaya sai ta ce da sauƙi, har waɗanda ita da hannunta ta ja zuwa rami, don doka ta hana ta faɗa. Ya ce ya ji labari a bakin wani soja da ya dawo daga yaƙin Bama cewa wanda aka yi wa lamba zai iya kwana ɗaki ɗaya da Baƙo ya tashi lafiya. Tun da ya ji ana cewa mai lamba na tafe, ba abin da yake jira sai ni.

"Malam, in ka yi mini, zan iya hayewa?"

Na ce, "Za ka iya, Baba, in ya kama."

Da safe muka fita da shi zagayen gidajen da ke warwatse a gonaki, don a tara mutane, saboda wasu sai mai'unguwa ya je da kansa suke fitowa. Na duba duk garin, ɗakin Gwaggo Kande ya fi ko'ina sanyi, ƙarƙashin wata kanya yake, sai na roƙe ta na ajiye tulun a can. Jatau ya tafi tonon ruwa a rafi. Muka daɗe, don kowane mai gida sai an lallashe shi, kuma da raɗa lallashi ba ya sauri. Ba mu dawo ba sai da rana ta take tsaka.

Akwai wani falalen dutse a bayan ɗakin Gwaggo, inda mata ke shanya. Tun daga nesa na hango wani abu yana ƙyalli a kai. Na ruga, na manta da dokar gari. An zazzage yashin, an baza buhun, an buɗe gwangwanin, an jera kwalabena ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen da ko ƙafa ba ta iya takawa. Maganin ya narke ya zama ruwa. Dogon ma'aunin ya fashe, zaiba ta tarwatse 'yan dunƙule-dunƙule tana gangarawa cikin tsagar dutse. Gwaggo na zaune a gefe da kara a hannu tana gadi, kada awaki su taka.

"Ɗana, wa ya koya maka ajiye magani a danshi?" in ji ta. "Ai sai ya yi funfuna. Ga shi kuma da ruwan Baƙo ka jiƙa shi. Na ce bari rana ta kore masa kafin a sa wa mutane."

Duk maganin da ta sani a duniya, saiwa da sassaƙe da ganye, shanya shi ake yi. Ta ɗauki tsufanta ta zauna cikin ranar nan don ta gyara mini aiki. Na ji kamar in kurma ihu, na ji kamar in fashe da kuka, ga gari an hana duka biyun, ga matar ta yi jika da ni. Na durƙusa ina tsintar kwalabe suna ƙona mini yatsu. 'Yan kaɗan sun gangara ƙarƙashin naɗin buhu, waɗannan da ɗumi kawai na same su.

Na ja Mai'unguwa gefe na gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Na ce mai yiwuwa maganin ya mutu, mai yiwuwa na ƙarƙashin buhun da sauran rai, ba mai iya sani sai damtse. Zan yi wa mutane da su, don ko kaɗan ya kama an rage, sannan in tafi Birnin Gwari in aika Zariya a kawo sabo. Shi ya fara miƙo hannu. Da na gama ya dubi 'yar tsagar ya ce yaushe zai haye. Na ce sai wurin ya kumbura ya yi zafi, kuma ko ya yi, ya jira in dawo in gani da idona. Na maimaita masa, na sa ya maimaita mini. Ya ce ya ji, zafi shi ne alama. Na yi wa sauran mutane, washegari muka kama hanyar Birnin Gwari.

Birnin Gwari tsohon gari ne mai faɗin ganuwa, mutanen ciki ba su cika ta ba, sai gonaki da kukoki a inda da gidaje ne. Mutanensa suna da karamci, Hausarsu kamar tamu, sai dai in sun juya suna magana da masu kawo doya sai ka ji harshe ya sauya. Aka sauke ni a gidan wani maɗinki. Ranar farko da aka kawo tuwo yana tururi na kai loma ban jira ba, na ƙone harshe, na kuma ji daɗin ƙunar. Na ba direban motar da ke zuwa Funtuwa saƙo, na zauna jira. Motar ta lalace a hanya. Ruwan farko ya sauka, wata gada ta karye. Kullum ina bakin tasha, har masu tallar ƙosai suka sa mini suna Mai Jiran Gawon Shanu. Sai da aka kusa mako biyu sannan saƙo ya iso, sabon magani da sabon ma'auni, cikin wata gorar Turawa mai riƙe sanyi.

Komawar ba ta yi wuya ba. Ƙasa ta sha ruwa, ciyawa ta tsiro, gajimare ya rufe rana, zaiba ko kusa da zare ba ta zo ba. Jatau har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa tun da muka hango tsamiyar nan na ƙara sauri.

Gwaggo Kande ta taɓa goshinmu ta buɗe mana. Mutane suka taru, suna murmushi, suna naɗe hannun riga suna nuna mini. Wani dattijo ya ce Allah ya yi mini albarka, hannuna da sanyi yake, don sun ji an ce lamba tana kumbura tana sa zazzaɓi, amma tawa ko ƙaiƙayi ba ta yi wa kowa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa. Manya da yara, kowane damtse ya warke sumul, sanyi ƙalau. Ko ɗaya bai kama ba. Na ce kowa ya tsaya inda yake, yanzu zan sake musu, sannan na duba ban ga mai faɗin ƙirjin nan ba. Na tambayi Gwaggo. Ta nuna tsallaken rafi da leɓe.

Jatau ne ya samo mini labarin a wurin maza. Kwana biyu da tafiyata, Mai'unguwa ya je bakin gaɓa da yamma, ƙwarya ba ta yi ƙara ba. Ya tsaya har duhu. Ya tambayi Gwaggo, ta ce da sauƙi. Washegari ma shiru. Sai ya dubi damtsensa ya ce yana jin kamar ya fara ɗumi, ya ɗauki gwadonsa ya haye, ba wanda ya isa ya riƙe shi.

Na bar wa Jatau gorar magani na ce kada ya sake ta ko wa ya zo. Ni an yi mini lamba har sau biyu ta kama, saboda haka na naɗe wando na shiga rafin, wanda yanzu ya kawo ruwa har gwiwa. Warin wurin ya tare ni tun kafin in hau gaɓa. Wasu bukkokin an rushe su an ɗora ƙaya a kai, ban tambayi dalili ba.

A ƙofar bukka ta ƙarshe na same su. Tasalla na zaune a kan tabarma, ta rame ƙwarai, ɓamɓaroki suna zuba daga fuskarta da hannuwanta, amma idonta biyu garau. Ta tashi. Ashe ƙuraje ne suka cika mata tafin hannu har ta kasa riƙe tsinke, shi ya sa ƙwarya ta yi shiru. Mai'unguwa ne ya riƙa ba ta ruwa a baki, yana juya ta, yana kore mata ƙuda, har ta dawo. Yana zaune a gefenta ya jingina da bukka, ya lulluɓe da gwado cikin ranar la'asar. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, idanunsa suna wani irin ƙyalli.

"Malam, sannu da zuwa. Ka gan ta, ta tashi," in ji shi. "Kada ka yi mini faɗa. Na yi gaggawa, na sani, amma maganinka bai ba ni kunya ba. Ya yi jinkiri ne kawai."

Na tsuguna na ce ya ba ni hannunsa. Na ture gwadon na duba damtsen. Tsagar ta warke, da ƙyar ma na gane wurin. Amma fatar da ke ƙarƙashin yatsuna kamar an ɗauko ta daga kan wuta.

"Ka ce zafi ne alama," in ji shi. "To tun jiya ya zo. Ba damtsen kaɗai ba, duk jikina, har bayana kamar zai tsage. Ya kama ke nan, ko?"

Na zaro ƙaramin ma'auni na sa masa a hamata, ba don ban sani ba, sai don in sami abin yi da hannuna. Ga sabon magani can tsallake, mai rai, mai sanyi, wanda zai ishi garin duka, amma lamba ba ta da amfani ga wanda zazzaɓin ya riga ya sauka a jikinsa. Na zaro ma'aunin na tsura masa ido, na kasa ɗago kai. Yana ta kallona yana jira, da murmushinsa.

Tasalla ta matso da gwiwa, ta ɗora bayan hannunta mai ɓamɓaroki a goshinsa. Ba ta daɗe ba ta sauke. Ta dube ni, ni ma na dube ta.

"Malam, je ka yi wa sauran," in ji ta a hankali. "Wannan nawa ne."

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki tsintsiya ta shiga bukkar, ta share wurin da ta tashi, ta sake shimfiɗa tabarmar.